Yawo Daban, Gantali Daban

'Yan'uwana ɗalibai, wata fassara ce ta sa na ɗauki alƙalami. A wani aikin aji, na ga yawancinmu mun fassara kalmar Ingilishi "wandering" da "yawo", muka wuce abinmu. Ni a ganina wannan kasala ce, kuma kasala mai haɗari.

Ita wannan kalma baki biyu gare ta. Tana nufin tafiya ba alƙibla, tana kuma nufin tafiyar mai nema wanda bai san ranar komawa gida ba. Bature yakan bar wa mai karatu ya rarrabe, amma Bahaushe ya riga ya raba. Akwai gantali da galantoyi, wato tafiya ba dalili. Akwai ragaita da watangaririya, tafiyar wanda ya rasa madafa. Akwai kuma yawon duniya da cirani, waɗanda nema ne tsantsa.

Alal misali, mu tsaya a Rigacikun, garinmu, bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya. Ga mai tallar rake, ga Bafillace da shanunsa, ga ɗan cirani da buhunsa a ka. Dukkansu yawo suke yi, amma wa zai ce musu gantalallu? Haka kuma a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Alhaji Imam ya sha duniya, amma maganin ɗan sarki ya fita nema. Wanda ya kira tafiyarsa gantali bai fahimci littafin ba.

Kada a ɗauka gardamar malamai ce kawai. Da wannan kalma ta Ingilishi 'yan sanda suka daɗe suna kama talakawa da dare a ƙasar nan, har gwamnatin soja ta soke laifin a 1989. A 2020 kuma Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ba da ra'ayin cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa haƙƙin mutane. Ashe rashin rarrabe mai nema da mai gantali yana iya kwanar da mutum a bayan kanta.

Saboda haka, kafin mu rubuta "yawo", mu tambayi kanmu: me ya fitar da mutumin nan daga gida? Amsar ita za ta zaɓa mana kalma. Allah ya sa mu gane.