4.3 Matsayin Tsofaffin Wasannin Barkwanci a Wurin Masu Adana Su

Kamar yadda aka yi bayani a babin da ya gabata, barkwancin da aka ɗauka a faifai ya girmi finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na shekarar 1990. Tun kafin nan gidajen talabijin sun fito da Samanja da Karambana a Kaduna, da Golobo a Sakkwato, da Karkuzu a Jos. A wannan sashe za a dubi dalilan da suka sa masu sha'awa ke farautar waɗannan wasanni suna adanawa.

Dalili na farko shi ne harshe. Idan aka ɗauki Samanja, wanda Usman Baba Pategi ya fito a matsayinsa, za a ga cewa ban dariyar ba a labarin take ba, a bakinsa take. Yakan cakuɗa Hausa da Turanci irin na barikin soja, ya ba da umarni da tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai kallo yana dariyar kwaɓar maganar, amma kuma yana ganin yadda mai ƙaramin muƙami ke ɗaukar kansa. Wato ke nan wasan ya adana wani karin harshe tare da yin hannunka-mai-sanda ga masu iko a zamanin mulkin soja.

Dalili na biyu shi ne ƙaranci. Kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da ƙura da laima, kuma da faifan CD ya karɓi kasuwa sai na'urorin kallonsa suka yi wuyar samu. Saboda haka darajar kaset a wurin mai adanawa ba ta tsaya ga kyawun wasan ba, har da wahalar samunsa.

A nan ne ya kamata manazarci ya yi hattara, domin tsufa kaɗai ba ya mayar da wasa nagari. Wasu ba su wuce zage-zage da guje-guje ba, wasu kuma suna muzanta baƙauye ko mai naƙasa. Duk da haka, rasuwar Ƙasimu Yero a 2017 da ta Samanja a 2023 ta nuna cewa faifan ne shaidar da ta rage. Wanda ya lalace, ya tafi da abin da babu mai iya maimaita shi.