Awo da Ƙanƙara a Hannun Mai Haɗa Koktel

Ko wanda barasa ba ta taɓa shiga bakinsa ba, in ya kalli gwanin haɗa koktel a bakin aiki zai san sana'a ce ta gaske. A 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta faɗi kayan haɗin: barasa, sukari, ruwa da ɗan magani mai ɗaci. Abu huɗu ke nan, amma da zaƙi ya ɗan rinjayi ɗaci, aiki ya ɓaci.

Jerry Thomas, wanda ya wallafa littafin farko na wannan sana'a a Amurka a 1862, ya shahara da Blue Blazer. Sai ya cinna wa wiski wuta, ya riƙa sheƙa shi tsakanin kofunan ƙarfe biyu kamar mai shayi, shuɗin harshen wuta na bin ruwan. Burgewa ce, ba laifi, sai dai ni a wurina gwanintar tana ga ƙanƙara.

Kafin zuwan firji, Frederic Tudor na Boston ya riƙa sare ƙanƙarar tafkuna da hunturu, yana rufe ta da garin katako, yana kai ta ƙasashe masu zafi a jirgin ruwa, har Kalkata a 1833. Da ta wadata, salon haɗin ya sauya. Ƙanƙara tana sanyaya abin sha, tana kuma narkewa ta sassauta kaifinsa, don haka gwani da tafin hannunsa yake auna lokaci: da ya ji gwangwanin girgizawa ya yi raɓa, sanyi ya fara cizonsa, sai ya tsaya ya tace. Haɗin da ke da ruwan lemon tsami girgiza shi ake yi ya yi kumfa. Wanda babu, da dogon cokali ake juya shi a hankali don ya fito garau. Daga nan a murɗe ɓawon lemo a bakin kofi, mansa ya fesu, ƙamshi ya riga ɗanɗano isa.

Wannan hannun ne ake bukata a Chapman ɗin da ake sha a bukukuwanmu: Fanta, Sprite, jan sirof na grenadine, kokwamba da lemon tsami. Ana ɗiga masa magani mai ɗaci na Angostura, wanda likita Johann Siegert ya haɗa a Benezuwela a 1824 don ciwon ciki. Akwai barasa a cikin maganin, shi ya sa wasu ke barinsa su ƙara tsami don karya zaƙin.