Tsokaci Kan Aikin Haɗa Kalmomin Ingilishi Masu Makusanciyar Ma'ana a Firamare

Daga cikin ayyukan da suka zama ruwan dare a littattafan Ingilishi na firamare akwai wanda ake jera kalmomi sahu biyu, a umarci ɗalibi ya ja layi daga kowace kalma zuwa wadda ta yi kama da ita a ma'ana, misali “big” da “large”, ko “tall” da “high”. Ba mu musun cewa aikin yana da sauƙin shiryawa da dubawa, musamman ga malamin da ajinsa ya cika maƙil. Sai dai muna ganin yana tattare da rauni iri biyu.

Na farko, yana cusa wa yaro tunanin cewa kalmomin biyu ɗaya suke, alhali kama da wane ba ta wane. Bature yana kiran yayarsa “big sister”, amma idan ya ce “large sister” ya koma zancen ƙiba. Haka kuma yana siffanta dogon mutum da “tall”, ba da “high” ba. Layin da yaro ya ja bai nuna masa wannan iyaka ba, sai ranar da ya zo rubuta insha'i kuskuren ya bayyana.

Na biyu, aikin ba ma'aunin fahimta ba ne. Idan kalmomi biyar ne, yaron da ya san huɗu ya sami ta biyar a ɓagas, wanda bai sani ba kuwa yana iya dacewa da canke.

Abin lura shi ne, ɗan Bahaushe ya riga ya san wannan bambanci a harshensa. Ya san “mutu” da “rasu” ma'anarsu ɗaya, amma ba zai taɓa cewa akuya ta rasu ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta tanadi a koyar da yara da harshen yankinsu a shekaru uku na farkon firamare, Ingilishi kuwa ya zama darasi. Wannan dama ce da marubutan littattafan ba su ci moriyarta sosai ba.

Saboda haka muna ba da shawarar malami ya soma da misalan Hausa irin wannan, sannan ya kawo kowace kalmar Ingilishi cikin jimla, ya tambayi yara inda ɗaya za ta maye gurbin 'yar'uwarta da inda ba za ta iya ba. Masu tsara manhaja kuma su mayar da aikin jan layi na bita kawai, kada ya zama shi ne darasin.