Aisa Diori tsakanin laƙabi da tarihi

Galibin rubuce-rubucen da suka taɓo Aisa, uwargidan Shugaba Diori Hamani, daga daren 15 ga Afrilu 1974 suke somawa, nan kuma suke tsayawa: sojojin Seyni Kunce sun kutsa fada, an harbe ta. Saura sai zinariya, gidajen haya a Yamai, da laƙabin «l'Autrichienne» da ɗalibai suka aro daga Marie-Antoinette. Zargin yana da tushe, don ƙawa a tsakiyar fari da yunwa ba ta da kyan gani. Amma laƙabin aro yakan hutar da marubuci wahalar bincike. Bafulatanar ƙasar Dogon Dutsi, wadda ta koyi Faransanci da girmanta, ta kuma matsa a sa ƴan mata lakkol, da wuya ake ganin ta a shafukan nan.