Sharhi kan Koyar da Jinsin Sunaye da Laƙuba ta Hanyar Jerin Tagwaye

Littattafan Ingilishi na firamare sun saba jera sunaye biyu-biyu, na namiji da na mace, ɗalibi ya haddace. Malaman Hausa da dama sun ari wannan tsari suna fassara jerin kai tsaye. Wannan sharhi na ganin cewa hanyar ba ta dace da darasin Hausa ba, musamman a yankuna irin su Jere da Kafanchan.

Da farko, jerin bai daidaita ba ko a cikin Ingilishin kansa. Kalmar "governess" tana nufin mai renon yara da koyar da su a gida, ba macen da ke mulkin jiha ba. Haka kuma "queen" ta haɗa mace mai mulki da matar sarki. A Hausa kuwa, sarauniya sarauta ce mai zaman kanta, kamar ta Daurama ko ta Amina ta Zazzau, kuma ba kowace matar sarki ce ke ɗauke da ita ba. Hasali ma, Iya sarautar mata ce a asali, amma a yau maza ke riƙe da Iyan Zazzau.

Na biyu, harsunan biyu sun kama hanya daban. Tun shekarun 1970 Ingilishi yake karkata ga kalmomi marasa jinsi, irin su "chairperson". Hausa ba ta da wannan mafita, domin jinsi ya ratsa jimlarta ta hanyar madanganci da dirka da wakilin suna. Lokacin da Dakta Hadiza Balarabe, 'yar ƙaramar hukumar Sanga, ta hau kujerarta a 2019, "Mataimakiyar Gwamna" aka ce. Ko kalmar "likita", wadda ba ta sauya siffa, dole ne a ce "likita ce ta zo" ko "likita ne ya zo".

Na uku, akwai harshen uwa. Gbagyi da ake ji a Jere, da Jju da Tyap da Hyam na kewayen Kafanchan, ba su bambanta "shi" da "ita". Saboda haka ɗalibi yana iya haddace malam da malama, ya kuma rubuta "malama ya zo", ya rasa maki a jarrabawa. Jerin tagwaye bai taɓa wannan matsala ba.

Bisa ga haka, ana ba masu tsara manhaja shawara su koyar da jinsi cikin cikakkun jimloli, su fara da dacewar suna da wakilinsa kafin ɗafa-ƙeya irin ta alƙali da alƙaliya. Sarautun mata kamar Magajiya da Inna kuwa, a kai su darasin al'ada, inda za a bayyana aikin kowace da matsayinta a fada.