Waƙoƙin Majami'a Cikin Hausa: Tsokaci a Kan Kari da Sauyin Al'ada

Manufar wannan takarda ita ce a dubi waƙoƙin da Kirista suke rerawa da Hausa a majami'unsu, a auna su da ma'aunin da muka saba auna kowace waƙar Hausa da shi, watau nauyin gaɓa da tsawon wasali da karin sauti. Ba za a taɓa koyarwar addinin da ke cikinsu ba, wannan fagen malaman ikilisiya ne. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, gardamar da aka sha yi a majami'u a kan tsohuwar al'ada da sabuwa ta fi zafi a wajen waƙa, kuma masu gardamar ba safai suke lura cewa rabin matsalar ta harshe ce ba.

Turawan mishan da suka shigo Arewa, kamar 'yan S.I.M. waɗanda suka fara yunƙuri a 1893, da 'yan S.U.M. da suka sauka Wase a 1904, da Dokta Miller na C.M.S. wanda ya zauna Zariya a 1905, sun ɗauki Hausa a kan harshen wa'azi ga kabilu masu yawa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ta wajen waƙa kuwa, sai suka bi hanya mafi sauƙi, suka ɗauko waƙoƙin Ingila da Amurka, irin na su Wesley da waɗanda Sankey ya tattara, suka fassara kalmomin, suka bar muryar yadda take. Ganga da kalangu aka hana su shiga majami'a, domin a ganin Turawan kayan bori ne da bukin giya.

To, a nan ne aka gamu da cikas. Muryar waƙar Turanci an gina ta ne a kan ƙarfafa wata gaɓa a sassauta wata. Hausa kuwa ba haka take tafiya ba. Karin waƙarta ya dogara ga jeren gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ma'anar kalma kuma tana rataye a kan tsawon wasali da hawa da saukar murya. Mai fassara ya ƙirga gaɓoɓi ne kawai, in baitin Turanci yana da takwas ya nemo takwas na Hausa ya cusa. Sakamakon haka sai a ja gajeren wasali a inda muryar ta tsawaita, a datse dogo a inda ta yi sauri. Alal misali, kalmar gari, wurin zaman mutane, in ta faɗa inda ake jan murya sai ta koma garin da ake tuƙa tuwo da shi. Haka kuma kuka na hawaye, wanda gaɓoɓinsa biyu duk sama suke, in muryar ta gangaro a gaɓa ta biyu ya zama itacen kuka. Mai sauraro yakan gane abin da ake nufi daga muhalli, amma kunnensa ya riga ya ji tuntuɓe.

Wani zai tambaya, me ya sa aka jure wa wannan shekara da shekaru? Amsa ita ce, mafi yawan masu rerawa, Birom da Angas da Bura da Tangale da sauransu, Hausa ba harshen uwarsu ba ne. Wanda abin ya fi damu shi ne Bahaushen Wusasa, ko Bamaguje da ya shiga addinin daga baya, wanda ya tashi da waƙar daɓe da ta niƙa a kunnensa.

Gyaran bai fito daga makarantun horar da fastoci ba. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata ne, da mawaƙan Sabon Rai da suka bazu tun shekarun 1960, suka mai da waƙar majami'a kan tsarin da jama'a suka sani: zabiya ta bayar, 'yan amshi su karɓa, ana buga tulu, ana kaɗa caki, daga baya ganga ma ta samu shiga. Da yake kalmomi da murya tare ake ƙirƙiro su a baki ɗaya, sai hawa da saukar waƙar suka bi na magana. A ɓangaren Katolika, babban taron Batikan na biyu ne ya buɗe ƙofa a 1963, da ya yarda a yi sujada da harsunan jama'a, a kuma girmama kiɗansu. Abin da dattawan farko suka ɗauka koma-baya ne, a ma'aunin adabi shi ne ci gaba.

Sai dai adalci ne a faɗi abin da aka rasa. Tsohuwar waƙar littafi takan ɗauki jigo guda ta warware shi baiti bayan baiti, har huɗu ko biyar, kamar yadda rubutacciyar waƙar wa'azi take yi. Waƙar amshi kuwa sau da yawa ɗango biyu ne ake ta nanatawa. Daɗin daɗawa, tsofaffin da suke riƙe da littafin waƙoƙi ba karin sauti suke karewa ba. Da waɗannan waƙoƙi aka yi musu baftisma, da su aka binne iyayensu, don haka mai nazari da ya ce musu karyayyu ne ya yi gaskiya, amma bai amsa abin da ke damunsu ba.

Yanzu sauyi na uku ya zo da jita da piyano mai lantarki da lasifika, musamman ta hanyar majami'un Fentikos da ƙungiyoyin matasa. Wasu mawaƙan suna tsara waƙa da Hausa tun daga tushe, kuma aikinsu ya zauna daram. Wasu kuwa sukan ɗauko amshin Turanci da ya yi tashe su ɗora masa kalmomin Hausa gaɓa da gaɓa, watau daidai kuskuren masu fassarar farko, illa dai wannan karon 'yan gida ne suke yi. A majami'u da dama na Jos da Kaduna, a sujadar Lahadi guda akan ji dukkan nau'o'in uku: a buɗe da littafi, mata su fito da tulunansu a lokacin baiko, matasa su rufe da jita. Wannan ya ba ɗaliban nazarin waƙa damar ɗaukar su a faifai a rana ɗaya, su rubuta karin sautin kowane ɗango, su gwada shi da muryar da aka rera shi da ita.