Hannu ko Kayan Kiɗa? Sharhi a kan Littafin Tarihin James Jamerson da Abin da Makaɗan Sha'awa Suka Tsinta a Cikinsa

Gabatarwa

Akwai wata jita mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda ake kira jitar bas. A kiɗan zamani ita ce ke ɗauke da amon ƙasa, watau irin sautin nan mai zurfi da ƙirji ke ji tun kafin kunne ya tantance shi. In tana nan ba kowa ke lura da ita ba, amma da zarar ta yi shiru sai kiɗan ya zama kamar miya ba gishiri. Manufar wannan maƙala ita ce duba wani littafi da ya zama makaranta ga masu koyon wannan jita, musamman 'yan sha'awa waɗanda ke da wata sana'a da rana, da dare kuwa su fita wasa a bukukuwa da gidajen rawa. Sunan littafin Standing in the Shadows of Motown, Allan Slutsky ya wallafa shi a 1989, kuma a 2002 Paul Justman ya shirya fim mai wannan suna a kansa. Tambayar da za mu bi ita ce: me littafin ya koyar, me kuma ɗalibansa suka ɗauka?

Mutumin da aka yi littafin dominsa

An haifi James Jamerson a jihar Carolina ta Kudu cikin Amurka a 1936, ya koma birnin Detroit a 1954. Da babban gogen nan na tsaye ya fara, wanda ake kaɗawa da yatsa a kiɗan jaz. Daga 1959 ya soma aiki da kamfanin faifai na Motown, cikin ƙungiyar makaɗan da aka sani da Funk Brothers, kuma hannunsa ne a ƙarƙashin mafi yawan waƙoƙin da suka yi tashe daga kamfanin har tsawon shekara goma da 'yan kai. Duk da haka ba a rubuta sunayen waɗannan makaɗa a bayan faifai ba sai a 1971, a faifan What's Going On na Marvin Gaye. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓe kuɗi. Jamerson ya rasu a Los Angeles a 1983 yana da shekara 47, jama'ar da suka yi rawa da kiɗansa ba su san ko sunansa ba.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne za su iya lissafa makaɗan kalangun da suka yi shekara da shekaru a bayansa? Saboda haka tun kafin a kai ga batun jita, littafin ya cancanci yabo domin ya fito da mai aikin ɓoye fili.

Tsarin littafin da abin yabo a cikinsa

Slutsky ya kasa aikinsa kashi uku. Na farko tarihin rayuwa ne, wanda ya tattara daga bakin iyalin Jamerson da abokan aikinsa. Na biyu bayani ne a kan kayan kiɗansa da salonsa, inda makaɗi Anthony Jackson ya feɗe salon dalla-dalla. Na uku kuwa rubutattun kiɗe-kiɗensa ne har 49, tare da kaset biyu waɗanda manyan makaɗan bas na duniya, irin su John Entwistle da Marcus Miller da Pino Palladino, suka kaɗa su a ciki.

Kashi na uku shi ne gishirin littafin. Wanda ya zauna ya bi waɗannan kiɗe-kiɗe ɗaya bayan ɗaya zai ga yadda makaɗi ke girma. A waƙar My Girl ta 1964 Jamerson bai wuce 'yan sautuka kaɗan da yake maimaitawa ba, kamar bugun zuciya. Zuwa For Once in My Life ta 1968 kuwa, da ƙyar za a sami gaɓa biyu da ya kaɗa iri ɗaya: yana hawa, yana sauka, yana ratsawa ta sautukan da ke tsakani, yana faɗowa inda ba a zata ba, amma bai taɓa sakin mawaƙin ba. Kafin zamaninsa galibi aikin mai bas shi ne ya dafa tushen kowane amo ya jira na gaba. Shi ne ya nuna cewa jitar tana iya rera tata waƙar a ƙarƙashin ta mawaƙi, ta zama kamar 'yar amshi mai hankali. Dabarar da yake yi ta taɓa tsirkiya a sake domin hannu ya sami damar tsallakawa wani wuri, daga babban goge ya taho da ita. Haka nan kaɗawa da yatsa ɗaya tak, watau manuni. Duk wannan littafin ya nuna shi a fili, ba da baki kawai ba.

Inda aka yi tuntuɓe

Matsalar ta ɓullo ne daga kashi na biyu. Littafin ya zayyana kayan Jamerson filla-filla: jitar Fender Precision ƙirar 1962, da tsirkiyoyi masu santsi da kauri na kamfanin La Bella waɗanda ba ya canzawa sai in sun tsinke, da soso da ke ƙarƙashin murfin gadar jitar domin ya daƙile amo, da tsirkiyar da ta yi nisa da wuyan jita har wasu suka ce ba ta kaɗuwa, sa'an nan da amfilifaya Ampeg B-15. Bayanin gaskiya ne, kuma yana da amfani ga mai tarihi. Amma ɗan koyo ya karɓe shi tamkar laƙani. Kiɗe-kiɗen nan 49 da rubutun kiɗa na Turai aka rubuta su, wanda 'yan sha'awa da yawa ba su iya karantawa, kuma ƙwarewa a kan ko guda ɗaya sai an yi watanni. Jerin kaya kuwa, kowa na iya karanta shi ya nufi kanti. Ta haka aka wayi gari ana neman Jamerson a cikin katako da ƙarfe, alhali a yatsa da kunne yake.

Daɗin daɗawa, kayan nan domin wani wuri aka zaɓe su. Akasarin faifan Motown a wani ɗan ƙaramin ɗaki aka ɗauke su, kuma galibi kai tsaye ake haɗa jitar Jamerson da na'urar ɗaukar sauti, ba ta bakin lasifika ba. Watau amon da ɗan koyo ke ji a faifai, ba na amfilifayar da zai kashe kuɗinsa a kai ba ne. Ita B-15 ɗin, wadda ta fito a 1960, ƙarfinta bai wuce wat 25 zuwa 30 ba. Wannan ya isa ɗaki ko ƙaramin gidan rawa, amma ba zai yi komai a filin biki ba. Dalili kuwa shi ne, tsirkiya mafi kauri a jitar bas sau 41 kacal take kaɗawa a daƙiƙa guda, kuma irin wannan sauti mai zurfi sai an tura iska mai yawa kafin a ji shi. Cikin ɗaki bango yana maido shi ya ƙara masa kauri, a fili kuwa sai ya watse. Shi ya sa mai bas ke bukatar ƙarfin da ya ninka na mai ƙaramar jita, shi ya sa kuma kamfanin Ampeg ɗin kansa ya fito da SVT mai wat 300 a 1969, wadda kanta kaɗai ya kusa kilo 40, ban da akwatin lasifika. A yau akwai amfilifaya masu ɗaruruwan wat da ba su fi kilo biyu ko uku ba. Ga wanda zai ɗauki kayansa da kansa ya kai wurin wasa, ya kuma dawo da su cikin dare, wannan ya fi masa amfani da tsohon suna. Haka tsirkiya mai nisa da wuya: Jamerson ya jure mata domin babban goge ya riga ya ƙarfafa hannunsa, ɗan koyo kuwa ba abin da za ta ba shi sai ciwon yatsa da yanke ƙauna.

Abin mamaki, gargaɗin yana cikin littafin, sai dai ba a ja layi a ƙarƙashinsa ba. Da Motown ya koma Los Angeles a 1972, Jamerson ya bi sahu, ya tarar kunnen masu shirya faifai ya sauya. Ana son amo mai kaifi na sababbin tsirkiyoyi masu kaushi, da salon marin tsirkiya da babban yatsa wanda Larry Graham ya yayata. Jamerson ya ƙi sauya tsirkiya, ya ƙi sauya salo, ga kuma shan giya da ya ci ƙarfinsa, sai aiki ya riƙa ja da baya. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ke nan kayan da ake yi wa kallon sirrin ɗaukakarsa suna cikin abubuwan da suka taimaka wajen dusashewarsa.

Fim ɗin

Fim ɗin 2002 ya isa inda littafi bai isa ba, har waƙoƙinsa suka ci lambar Grammy biyu, kuma a 2004 aka ba Funk Brothers lambar yabo ta aikin rayuwa. Amma ya fi littafin karkata ga almara. Alal misali, ya ba da labarin yadda aka ɗauko Jamerson daga gidan rawa cikin maye ya kaɗa What's Going On yana kwance a ƙasa, ta yadda mai kallo zai fita da zaton baiwa ce kurum, ba a sha wuya ba. Garin ɗaga makaɗa kuma ya rage wa mawaƙa da marubutan waƙa matsayi, wanda wannan gyaran zalunci ne da wani zaluncin. Sai dai ya yi abu ɗaya da takarda ba za ta iya ba: ya nuna tsofaffin makaɗan a kan dandali, Bob Babbitt na riƙe da bas, kowa na kallon ɗan'uwansa yana saurare. Ya kuma tuna mana cewa bayan aikin rana mutanen nan gidajen jaz na Detroit suke tafiya su yi ta wasa har dare ya raba, kuma abin da suka gwada a can shi suke kawowa ɗakin ɗauka da safe. Fahimtar da ke tsakanin Jamerson da mai ganga Benny Benjamin a irin wannan zama ta ginu.

Kammalawa

A ra'ayinmu littafin Slutsky aiki ne na ƙwarai, ya biya wa mamaci bashi, ya kuma adana wani salo da ya kusa tafiya ba suna. Rauninsa shi ne ya bar ƙofa a buɗe ga mai neman gajeriyar hanya. Mai kiɗan sha'awa da ya samu littafin, ya fara da kashi na uku, ya koyi karatun rubutun kiɗa ko da sannu-sannu ne. Jita kuwa, wadda ke riƙe sauti daidai kuma ba ta cutar da hannu ta isa. Amfilifaya a auna ta da girman wurin da za a yi wasa da nauyin da kafaɗa za ta iya. Sauran kuɗi da lokaci a kashe su wajen zama da mai ganga da fita wasa gaban jama'a.

Kwanaki kaɗan kafin rasuwar Jamerson aka sace jitar nan tasa ta 1962. Wanda ya ɗauke ta ya tafi da katako da tsirkiya, amma ba a ji wani faifai ya fito daga hannunsa ba.